KASHEGARIN RANAR BIKI

Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga iyayen da tabarmar ɗansu ko 'yarsu take a naɗe a daren nan, domin yaron yana wani gidan gyaran hali, ko asibiti, ko gidan horo. Maganar yau taku ce, tamu ce kuma gaba ɗaya.

Karatunmu yana cikin Bishara ta hannun Luka, sura 15, daga aya 11 zuwa 32. Muna roƙo kowa ya buɗe ya karanta da kansa bayan shirin nan. Labari ne da muka sani tun muna makarantar Lahadi. Wani mutum yana da 'ya'ya biyu maza. Ƙaramin ya karɓi rabonsa tun uban yana da rai, ya yi nisa da gida, ya lalatar da kome, har yunwa ta kai shi ga kiwon aladu. Da hankalinsa ya komo jikinsa sai ya kama hanyar gida. Uban ya tarye shi da murna, aka sa masa riga, aka yanka maraƙi, aka yi kiɗa.

Yawancin wa'azinmu a nan yake tsayawa, gama wurin da daɗi. Amma labarin ya ci gaba. Wan ya dawo daga gona, ya ji kiɗa, ya tambayi dalili, ya husata ya ƙi shiga. Uban ya bar baƙi a ciki ya fito yana lallashinsa. A nan Ubangiji ya rufe misalin. Bai faɗa mana ko wan ya shiga ba. Bai kuma faɗa mana abin da ya faru kashegari da safe ba, sa'ad da makaɗa suka watse, nama ya ƙare, aka ɗauki fartanya za a tafi gona, 'yan'uwan nan biyu kuwa tilas su bi hanya ɗaya. A kan wannan kashegarin muke so mu yi tunani yau, domin a cikinsa ne gidaje da yawa suke sake rasa 'ya'yansu.

Bari mu fara da girman masifar. A shekara ta 2019 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha kayan maye a cikin shekara ɗaya, ban da giya da taba. Watau kusan mutum ɗaya cikin bakwai ke nan. Miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 ƙwayoyi irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, duk da haka kukan iyaye bai tsaya ba. Wanda ya ce wannan masifa ta tsaya a bakin ƙofar majami'a, bai zauna da iyaye ya ji abin da ke cikinsu ba. Yaron da muka sani ɗan kwaya, yana rera waƙa ranar Lahadi, yau unguwa tana kiransa ɗan ƙwaya.

Sa'ad da abin ya fi ƙarfin gida, mukan nemi wurin kai yaro. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, irin na Barnawa a Kaduna, da na Maiduguri, da na Kware a jihar Sakkwato. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da wuraren ba da shawara da jiyya. Akwai gidajen horon matasa a Kaduna da Ilori da Abeokuta, inda kotu take tura samarin da suka yi laifi. Ga kuma gidajen da ikilisiyoyi da malamai da ƙungiyoyi suka buɗe. Kai yaro irin wurin nan ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma ceton rai ne. Kuskurenmu yana cikin yadda muke kai shi. Mukan kai shi kamar yadda ake kai rediyo wurin mai gyara. Mu ajiye, mu tambayi kuɗi, mu ce yaushe za mu dawo mu ɗauka, sa'an nan mu juya baya mu yi ajiyar zuciya.

Wata ranar Asabar mun je ziyara wani gidan gyaran hali. Ranar ganin iyaye ce. Muka ga wani yaro da bai wuce shekara 17 ba, ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, yana zaune a kan benci kusa da ƙofa. Duk wanda ya ƙwanƙwasa sai ya ɗaga kai. Har aka tashi ba wanda ya zo dominsa. Ma'aikacin wurin ya ce mana watansa huɗu ke nan, kuɗinsa bai taɓa yin latti ba, sabulu da gari ana aiko masa ta hannun direba, amma ko sau ɗaya ba a zo ba. Muka tambayi yaron. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba ya ce sai na zama mutum zai dube ni."

Muka nemi gidan, muka sami uban. Ya ce, "Malam, ku ba ku san abin da yaron nan ya yi mini ba. Keken ɗinkin uwarsa ya sayar. Masarar da muka ajiye ta shuka ya kwashe. Ranar da 'yan banga suka kawo shi a ɗaure, unguwa duka ta fito kallo, ni kuwa dattijo ne a ikilisiya. Ina biyan kuɗi, me kuma ya rage?" Ba mu yi masa gardama ba, gama duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Muka ce, "Baba, ba mu ce ku manta ba. Mun ce ku je ya gan ku." Za mu komo ga wannan gida kafin mu rufe.

Me ya sa tilas iyaye su riƙa zuwa? Dalili na fari, idon iyaye shi ne mai tsaron yaro. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Cikin makonnin da suka biyo aka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da Zariya da Ilori da Ibadan. Da yawa daga cikin mutanen nan iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna tsammani gyara ake yi. Kada kuwa mu yi saurin nuna wani da yatsa. A watan Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ta ga mutane a ɗaure a asibitocin gwamnati, da wurin masu maganin gargajiya, da gidajen addinin Musulmi da na Kirista duka. Watau har da gidajen addu'a masu kiran sunan da muke kira. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tsaya a kan haƙƙin majiyyaci. Amma doka ba ta shiga kowane ɗaki. Uwar da ta zo ta ce a ɗaga rigar ɗanta ta ga bayansa, ita take shiga.

Domin haka kafin mu bar yaro a kowane wuri, sai mu yi tambaya ba tare da jin nauyi ba. Hukuma ta san da gidan? Akwai likita ko nas mai duba yara? A nuna mana inda zai kwana da abin da zai ci. Yaya ake hukunta wanda ya yi laifi? Yaushe za mu gan shi, za a kuma bar mu mu yi magana da shi mu kaɗai? Mai yiwuwa wurin ya ce a dakata da ziyara na 'yan makonnin farko har yaro ya natsu, wannan ba laifi in an faɗi ranar da za a buɗe. Amma gidan da ya ce ba gani sam sai an sallame shi, mu kama hannun ɗanmu mu fita.

Mu tuna da mutumin nan na Markus sura 5, wanda yake zaune a makabarta. Mutanen garinsu sun sha ɗaure shi da sarƙa da mari, ba abin da ya sake. Sa'ad da Yesu ya warkar da shi, aka same shi zaune da tufafinsa, cikin hankalinsa. Ya roƙa a bar shi ya shiga jirgi ya bi Yesu, amma Ubangiji bai yarda ba, gida ya mai da shi wurin mutanensa. Sarƙa ba ta warkar da shi ba, warkarwar kuma ba ta ƙare a bakin teku ba, sai da ta bi shi har gida.

Dalili na biyu, yaron gida zai koma, saboda haka tilas wani a gidan ya koyi ciwon. Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasarmu. A shekara ta 1954 wani likita ɗan Nijeriya, Dokta Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu ciwon ƙwaƙwalwa a ɗaki, sai aka sama musu masauki a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin. Ya sa sharaɗi cewa kowane majiyyaci ya zo da wani nasa, ko uwa, ko 'yar'uwa, ko gwaggo. Ita za ta dafa masa abinci, ta wanke kayansa, ta rako shi asibiti a yi masa magani, su koma masauki tare. Ta haka ranar da aka sallame shi, ba shi kaɗai ya koma gida da abin da ya koya ba, akwai wadda ta ga ciwon da idonta, ta san maganin, ta san alamun tashinsa. Tsarin nan ya yi suna a duniya, Dokta Lambo kuwa ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ƙa'idodin jiyyar masu shaye-shaye da wannan hukuma ta fitar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 sun nuna cewa ga matasa, jiyyar da ake yi tare da iyali tana cikin waɗanda aka tabbatar suna aiki.

Ba kowace uwa za ta iya barin gida ta tare da ɗanta ba. Amma akwai abin da kowane gida zai iya yi tun yaron yana can.

Na ɗaya, mu je. Zumunta a ƙafa take. In uba ba zai iya ba wannan wata, kawu ya je. In hanya ta yi nisa, a rubuta wasiƙa, a kira waya a ranar da aka yi alkawari. Kada mu yi wa yaron da ke ƙirga kwanaki alkawarin da ba za mu cika ba.

Na biyu, sa'ad da ma'aikata suka kira mu zama, mu zauna, mu faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In akwai mai shan giya a gidan, a faɗa. In faɗan uba da uwa ya hana yara barci, a faɗa. In yaron ya ga kisa da idonsa lokacin wani rikici, ko wani babba ya lalata shi yana ƙarami, likita yana bukatar ya sani. Ba muna cewa kowane yaron da ya faɗi laifin iyayensa ne ba. Mun san gidaje masu tsoron Allah da suka yi iyakar ƙoƙarinsu, duk da haka abin ya same su. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, lokacin da yaron ba ya nan kuwa shi ne lokacin yaɓe. Uban da yake so ɗansa ya bar ƙwaya alhali shi kullum yamma yana gidan burukutu, ya sani yaron yana da ido.

Na uku, kada mu cire shi da wuri. Bayan mako uku yaro yakan yi ƙiba, idonsa ya washe, ya yi kuka ya ce, "Mama, na warke, ki ɗauke ni." Zuciyar uwa ba ta jimre wannan. Amma masu wannan aiki sun daɗe da gane cewa jiyyar da ta gaza wata uku ba ta cika kamawa ba. Abin da ya fita a makonnin farko dafin da ke jiki ne. Sabon da ke zuciya yana nan, shi kuwa ba ya fita da sauri. In ba zalunci muka gani ba, mu bar shawarar sallama a hannun likita.

Na huɗu, mu fita waje wurin wan. A kowane gidan da aka yi wannan jinya akwai wani ɗa da ya tsaya, ya yi biyayya, aka ci kuɗin makarantarsa wajen biyan belin ƙanensa. Akwai yarinyar da aka fasa neman aurenta saboda sunan da ɗan'uwanta ya jawo wa gidan. Fushinsu yana da dalili. A cikin misalin, uban bai aika bara ya kira wan ba, bai kuma tsawata masa a gaban mutane ba, da kansa ya fita ya saurare shi. Mu ma mu tara yaran gida kafin ranar dawowa, kowa ya faɗi abin da ke ransa, a yi maganar kayan da aka sace da bashin da aka ci, a yanke yadda za a yi da su. In ba haka ba, yaron zai dawo ya tarar da murmushi a zaure, gaba kuwa a tsakar gida.

Yanzu ga ranar dawowa. A yi murna, a dafa abinci, a yi godiya ga Allah. Amma akwai wata gaskiya da muke so kowane uba da uwa su riƙe da kyau, domin maganar rai da mutuwa ce. Jikin da ya saba da ƙwaya yakan riƙa neman ƙari, har mutum ya kai yana shan abin da zai kashe wanda bai saba ba. Bayan watanni ba sha, jikin yakan koma kamar na sabon shiga. In yaron ya haɗu da tsofaffin abokai ya sha adadin da ya saba sha a dā, numfashinsa yana iya tsayawa, tiramol kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Domin wannan, makonnin farko bayan sallama suna cikin lokatai mafi haɗari a ransa. In muka same shi kwance ba ya farkawa, numfashi a hankali ko yana minshari mai nauyi, kada mu ce barci ne a bar shi ya huce. Kada mu ɗura masa madara ko manja, gama suna iya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a kai shi asibiti nan da nan, a faɗa wa likita abin da ya sha. Kunyar maƙwabta ba ta kai nauyin gawa ba.

Mu kuma shirya zukatanmu, mai yiwuwa ne ya sake faɗuwa. Binciken likitoci a Amurka ya nuna mutum 40 zuwa 60 cikin 100 da aka yi wa jiyyar shaye-shaye sukan sake komawa, kusan kamar yadda hawan jini da asma suke sake tashi. Ba mu korar mai hawan jini daga gida domin jininsa ya hau, asibiti muke mai da shi. In yaron ya yi tuntuɓe, ba a ce addu'a ta faɗi ƙasa ba, ba a ce kuɗin jiyya ya tafi a banza ba. Alama ce cewa akwai abin da za a gyara. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Amma jinƙai ba sakaci ba ne. Tun kafin a baro gidan jiyya, a zauna da yaron da ma'aikacin da ya san shi, a yi yarjejeniya, in da hali a rubuta. Ƙarfe nawa zai shigo gida da dare? Wace majalisa ce ba zai ƙara zama ba? Wace rana zai koma ganin likita, wa kuma zai raka shi? In sha'awar abin ta taso masa tsakar dare, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa ba tare da tsoron duka ba? Kada a damƙa masa jari mai yawa a watan farko domin a nuna an yafe, kuɗi a aljihu gwaji ne mai tsanani gare shi. Kada kuma a riƙa kaɗa makullai a gabansa duk sa'ad da ya shigo ɗaki. Amana a hankali ake mai da ita, yau aiken naira ɗari, gobe na dubu. A sama masa abin yi tun makon farko, ko makaranta, ko kanikanci, ko walda, ko ɗinki, ko gona, a kuma gaya wa ubangidansa gaskiya domin ya sa ido. Zaman banza da safe shi ne babban abokin gaba. A ci abinci tare da shi a kwano ɗaya. Uwa kuma kada ta ɓoye wa uba abin da ta gani domin gudun tashin hankali, gama ɓoyo shi ya rene ciwon tun da fari.

Akwai hanyoyi biyu da muke bi domin mu huta, dukansu kuwa ba su warkarwa. Ɗaya ita ce a tura yaro ƙauye wurin kaka, tsohuwar da ba ta san kamannin ƙwaya ba, alhali ƙwaya ta riga shi isa ƙauyen. Ɗayar ita ce a yi masa aure, ko a aurar da yarinyar da sauri, wai zai natsu. Aure ba asibiti ba ne. Abin da muka yi kawai shi ne mun ɗora nauyinmu a kan 'yar wani. 'Yan matanmu kuwa su suka fi shan wuya, domin an fi ɓoye nasu ciwon, ba a cika kai su jiyya ba sai abin ya yi nisa.

Ikilisiya fa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai uwar da ba ƙiyayya ta hana ta ziyara ba, kuɗin mota ne babu. Zumuntar Mata za ta iya ɗaukar wannan, wata ma ta raka ta. Dattawa su zaɓi mutum ɗaya mai riƙon asiri ya zama kamar kawu ga yaron, ya riƙa ganinsa kowane mako har shekara ta zagayo. Matasa su je su ɗauko shi zuwa ƙwallo da koyon waƙa, gama wanda aka raba da abokai goma ba a ba shi ko ɗaya ba, zai koma inda ake kiran sunansa. Kada mu tsai da shi gaban jama'a Lahadin farko ya ba da shaida. In ya faɗi bayan an tafa masa, kunya za ta hana shi komowa. Kada kuma mata su janye jakunkunansu sa'ad da ya zauna a benci. Iyayen da suke cikin wannan hali su riƙa haɗuwa suna ƙarfafa juna. A Amurka, matan mashaya giya ne suka fara irin wannan taro mai suna Al-Anon a 1951, domin sun gane iyalin mai sha su ma suna bukatar jiyya. Ɗaki ɗaya a majami'a da yamma ɗaya a wata sun isa a fara. Sa'an nan akwai marayu da 'ya'yan gudun hijira waɗanda ranar sallama ba mai zuwa ɗaukarsu. In muna kiran kanmu iyalin Allah, a nan za a gane.

Bari mu koma ga dattijon nan. Bayan mako uku ya shirya ya tafi. Ya zauna a bencin nan kusa da ɗansa, kusan rabin sa'a ba wanda ya ce uffan. Can ya ce, "Kana cin abinci?" Yaron ya ce, "Ina ci, Baba." Da zai tashi ya ajiye masa ƙullin gyaɗa. A wata na gaba ya zo da uwar, suka zauna da mai ba da shawara. A wurin ne ya fara jin cewa yaron ya soma shan tiramol yana shekara 14, a wurin gini, lokacin hutu, sa'ad da yake leburanci domin ya taimaka da kuɗin makaranta. Manyan leburori ne suka ba shi wai domin kada ya gaji. Shekara uku suna kwana a gida ɗaya uban bai sani ba. Yaron ya dawo gida. A wata na biyu uwar tana wanki ta sami ƙwaya a aljihun wandonsa. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta kuma ɓoye ba, ta kai wa maigidan. Da gari ya waye uban ya ɗora shi a bayan mashin suka koma wurin likita. Yanzu yana koyon walda. Ba mu ce an gama ba. Wansa har yanzu gaisuwa kawai take haɗa su, muna kuwa addu'a a kan wannan.

Kai kuma saurayi, ke kuma budurwa, in kuna jinmu daga inda kuke, ku sani mutanen gida sun ji ciwo ƙwarai. In ba su gaskata ku ba ranar farko, kada ku yi fushi ku ce ba amfani. Ku ba su lokaci kamar yadda kuke so su ba ku. Ranar da kuka ji ƙafarku tana santsi, ku faɗa tun ba ku kai ƙasa ba.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka fita ka tarye mu sa'ad da muke nesa. Muna kawo maka 'ya'yanmu da ke gidajen jiyya da gidajen horo a daren nan. Ka kiyaye su daga hannun azzalumai, ka ba masu lura da su hikima da tausayi. Ka taɓa zuciyar uban da ya gaji, ka share hawayen uwar da ba ta barci, ka sanyaya zuciyar 'yan'uwan da aka ɓata wa rai. Ka gafarta mana inda muka juya baya domin kunya. Ka koya mana haƙurin kashegari, sa'ad da biki ya watse aiki ya rage. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Masu sauraro, in kun san gidan da ke ɗauke da wannan kaya, ku taka ku gaishe su cikin makon nan. Sai Allah ya sake haɗa mu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.